Hanyar kaikaice

hanyar kaikaice (suna, mace, lissafin kuɗin kamfani). Salon gano tsabar kuɗin da harkokin yau da kullum suka shigar wa kamfani a shekara, ta hanyar farawa daga ribar da ta rage bayan haraji, maimakon bin kowace shiga da fita.

Akanta zai mayar wa ribar abin da aka cire a takarda alhali ko sisi bai fita ba, musamman raguwar darajar injuna da motoci. Sai ya cire ƙarin bashin da kamfanin ke bin masu sayen kayansa da ƙarin kayan da ke jibge a sito, ya haɗa da ƙarin bashin da masu kawo wa kamfanin kaya ke binsa. Ribar sayar da kadara ita ma ana cire ta, domin gurbinta ɓangaren zuba jari ne.

Misali: riba naira miliyan 50, raguwar daraja miliyan 8, ƙarin bashin da ake bin mutane miliyan 12, sakamako miliyan 46.

Ƙa'idar lissafin kuɗi ta IAS 7 ta fi ƙarfafa hanyar kai-tsaye, wato bin kowace shiga da fita, amma yawancin kamfanoni hanyar kaikaice suke bi. Amfaninta babba ne: tana tona asirin kamfanin da ke shelar riba alhali asusunsa ya bushe.