Daga En'e Zuwa Kansila: Tarihin Amanar da Ke Wuyan Wakilanmu

Da shugabannin wannan ƙungiya tamu suka nemi in ba da tawa gudummawa a mujallar bana, sai na ga ya dace in waiwayi kujerar da 'yan uwa mazauna Kaduna da Abuja da Legas suka fi rainawa, wato kujerar kansila. Da yawanku kun san sunan sanata, kun san na gwamna, amma in aka tambaye ku wane ne kansilan mazaɓar Samaru, sai ido ya raina fata. Alhali kuwa kwatar ƙofar gidan tsohuwarku da rufin ajin da ƙannenku ke zaune a ƙarƙashinsa, duk suna cikin abin da doka ta ɗora wa majalisar da yake wakiltarmu a cikinta.

Samaru da Sabon Gari garuruwa ne da zamani ya haifa. Sabon Gari ta tashi ne a gefen layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa. Ita kuwa Samaru, Turawa suka kafa mata gonar binciken aikin noma a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962. A yawancin waɗannan shekaru mulkin karkara yana hannun En'e: sarki a sama, hakimi a ƙarƙashinsa, sai dagaci da mai unguwa. Kotu da gidan yari da 'yan doka duk nata ne. Tsarin yana da tsare doka, amma talakan da ya biya haraji ba shi da bakin tambayar inda kuɗinsa suka shiga.

A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa En'e gyara. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe ƙofar shigar da zaɓaɓɓun wakilai cikin majalisu, kuma a nan Kongo aka riƙa horar da ma'aikatan da za su riƙe sabon tsarin. A gefe guda 'yan NEPU suna ta gwagwarmaya, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari, wadda ta sha ɗauri saboda neman a ba talaka da mace 'yancin zaɓen shugabansu. Kujerar da wasu ke ɗauka abin wasa a yau, da wahalar irin waɗannan bayin Allah aka samo ta.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na mulki, tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, da ƙananan hukumomi 301. A zaɓen wannan shekara ne matan Arewa suka fara samun damar jefa ƙuri'a. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Talaka ya huta, ba shakka, amma wani abu ya biyo baya wanda ba kowa ya lura da shi ba. Tun da kuɗin hukuma suka koma zuwa daga sama, sai mutane suka daina ganinsu a matsayin guminsu, mai riƙe da su kuma ya daina jin tsoron tambaya. A zamanin Janar Babangida aka cire Sabon Gari daga Zariya ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, da hedkwata a Dogarawa. Tana da mazaɓu 11, cikinsu akwai Samaru da Basawa da Bomo da Hanwa da Muciya da Cikaji.

To, me doka ta ɗora wa waɗannan wakilai? Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya da noma. Aikin kansila shi ne ya zauna majalisa, ya tantance kasafin kuɗi kafin ya amince da shi, ya yi dokokin yanki, ya bi diddigin abin da shugaban ƙaramar hukuma ya kashe. Neman kwangila ba ya cikin aikinsa.

Jadawali na Biyar kuma ya sa shugaba da kansiloli cikin masu riƙe da muƙamin jama'a. Wajibi ne kansila ya bayyana kadarorinsa lokacin hawa da lokacin sauka. An hana shi tsayawa inda son ransa zai ci karo da aikinsa, an hana shi karɓar kyauta saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aiki, in ban da wadda al'ada ta sani daga dangi da abokai. Wanda kotun ɗa'ar ma'aikata ta samu da laifi yana iya rasa kujerarsa, a hana shi muƙami har shekara 10, a kuma ƙwace abin da ya tara ta haramtacciyar hanya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tun a littafin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki.

Na ga bambancin mai riƙon amana da maras riƙo da idona. Wata damina iska ta yaye rufin azuzuwa biyu a makarantar da nake shugabanta. Na kai kuka wurin kansilanmu na lokacin, ya ba ni kuɗin mota daga aljihunsa, ya ce in yi haƙuri. Yara suka ƙare zangon a gindin bishiya. Wanda ya gaje shi bai taɓa ba ni ko sisi ba. Ya zo ya duba, ya sa na rubuta takarda, ya gabatar da ita a zauren majalisa, ya yi ta bibiya har aikin ya shiga kasafi. Abin takaici, na farkon ne mutane suka fi yabo, don shi ne ba ya rasa suna da biki. A nan laifin namu ne. Mun mai da kansila asusun gudummawa, sannan mu yi mamaki in ya sa hannu inda bai kamata ba.

Dole kuma a yi musu adalci. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma gwamnoni da yawa a ƙasar nan sun riƙa rushe zaɓaɓɓu suna naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a biya ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomin riƙo. Hukunci a takarda daban, aiwatarwa daban, amma duk ranar da kuɗin suka iso hannu, uzurin cewa sama ce ta hana ya ƙare.

Saboda haka, 'yan uwa, ina da roƙo. Cikinku akwai lauyoyi da akantoci da injiniyoyi. In kun zo gida da salla, ku ware yini guda ƙungiya ta gayyaci kansilanmu cikin mutunci, a karanta kasafin shekara tare, a ji abin da aka yi da abin da ya gagara. Wanda ya yi abin kirki a yaba masa a bainar jama'a, wanda ya kauce a yi masa gyara tun icce yana ɗanye. Mu kuma rage ɗora masa buƙatun da albashinsa ba zai ɗauka ba. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon taimaka musu a kan gaskiya, amin.