Harvard: Dukiya Ta Bunƙasa, Ƙofa Ta Ƙuntata

A watan Oktoba na 1636 majalisar Turawan Ingila da suka yi ƙaura zuwa Massachusetts saboda saɓanin addini ta ware fam 400 don kafa kwaleji, gudun kada malaman cocinsu su ƙare babu magada. Bayan shekara biyu wani matashin malamin coci, John Harvard, ya rasu ya bar wa makarantar rabin dukiyarsa da littattafai kusan 400, shi ya sa aka raɗa mata sunansa a 1639. Ɗalibai tara kacal aka yaye a bikin farko a 1642. Ta shafe ƙarni biyu tana ƙaramar makarantar 'ya'yan manyan yankin Boston, har zuwan Charles Eliot, wanda ya shugabance ta daga 1869 zuwa 1909. Shi ya bai wa ɗalibi damar zaɓar darussansa, ya gyara sassan likitanci da shari'a, ta zama jami'ar bincike.

Tsaurin shigar da ake alfahari da shi yau ba da niyya mai kyau ya fara ba. A 1922, da Yahudawa suka haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗalibai, shugaba Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade yawansu. An ƙi amincewa a fili, amma sai aka shigo da auna halin yaro da wasiƙun shaida, aka cim ma burin a fakaice. Magajinsa James Conant ya ɗauki wata hanya, a 1934 ya buɗe tallafin karatu don zaƙulo haziƙan yara daga jihohi masu nisa. Har yau jami'ar tana tsakanin gadon mutanen nan biyu, kuma a ganina na Lowell bai mutu ba. A 2022 sama da mutum 61,000 suka nemi gurbi, aka ɗauki ƙasa da 2,000. Asusun gidauniyarta ya kai dala biliyan 53 a 2024, amma ajin farko yana nan wajen ɗalibai 1,600 shekara da shekaru. Ƙarancin gurbin zaɓi ne, ba tilas ba.

Masu kare jami'ar za su ce talaka bai da abin kuka, kuma suna da hujja. Kuɗin shekara, da ci da kwana, ya haura dala 80,000, amma tun 2004 aka yafe wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi, kuma a 2025 aka ɗaga iyakar zuwa masu samun dala 100,000 a shekara. Sai dai yafiyar ba ta amfanar wanda ba a ɗauka ba. Bayanan da suka fito a shari'ar tsarin ɗaukar ɗalibai na Harvard da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Yunin 2023 sun nuna ana ɗaukar kusan ɗaya cikin uku na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, alhali sauran masu nema kusan shida cikin ɗari ne ke samu. Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa a 2023 ya gano cewa a irin waɗannan jami'o'i, ɗan gidan attajirai na ƙololuwa ya fi ɗan matsakaicin gida damar shiga da fiye da ninki biyu, ko da makinsu ɗaya.

Wasu kuma na cewa ai haziƙi ko ina ya je zai ci gaba. Masu bincike Stacy Dale da Alan Krueger sun nuna a 2002 cewa ga yawancin ɗalibai sunan jami'a bai ƙara albashi sosai ba, amma sun ga yana ƙara wa 'ya'yan talakawa. Ke nan wanda gurbin zai fi yi wa amfani shi ne aka fi barin a waje. Jami'ar Johns Hopkins da kwalejin Amherst sun daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, kuma darajarsu ba ta zube ba. Ya kamata Harvard ta bi sahunsu, ta kuma ƙara gurabe daidai da arzikinta.