DIPES II: hanyar zama malamin lise a Kamaru

DIPES II takardar shaida ce da manyan makarantun horar da malamai na Kamaru, waɗanda aka fi sani da ENS, ke bai wa ɗalibin da ya kammala zango na biyu na karatunsu. Da ita ake zama malamin lise, mai koyarwa har zuwa ajin da ke zana jarrabawar bakaloriya.

Karatun ENS zango biyu ne. Na farko shekara 3 ne bayan bakaloriya, ana fita da DIPES I, wadda ke ba da matsayin malamin koleji. Na biyu shekara 2 ne, ana shigarsa da digirin lisans, bayan cin jarrabawar gasa, domin kujeru ƙidayayyu ne a kowane fanni. Malamin da ke riƙe da DIPES I ma yana iya komawa ya ƙara wannan zango.

A cikin shekarun biyu ɗalibi yana zurfafa fanninsa, kamar lissafi, tarihi, Faransanci ko kimiyyar halittu. Yana kuma koyon dabarun koyarwa da sanin halayyar yara. Daga nan a tura shi wata lise ya gwada koyarwa ƙarƙashin gogaggen malami, sannan ya rubuta kundin bincike ya kāre shi gaban kwamitin malamai.

Mafi tsufa cikin makarantun ita ce ENS ta Yaounde, da aka kafa a 1961. Ta Bambili tana yankin masu magana da Ingilishi. Ta Marwa ta zo tare da jami'ar garin a 2008, abin da ya kusanto da wannan karatu ga 'yan arewacin ƙasar, har da 'ya'yan Hausawan Garwa da Ngawundare. Malaman sana'o'i kuwa suna da tasu makaranta, ENSET, kamar ta Duwala.

A da, wanda ya ci gasar ya fita da shaidarsa, kai tsaye yake zama ma'aikacin gwamnati. A 2022 hukumomi suka sanar da raba horo da ɗaukar aiki daga 2023. Ke nan a tsarin da aka sanar a lokacin, takardar za ta tabbatar da ƙwarewa, amma ba za ta lamunce wa sabon ɗalibi albashin gwamnati ba, sai ya sake neman gurbi ko ya nufi makarantu masu zaman kansu.