Tarihin Judo: Yadda Jigoro Kano Ya Nemi Malami

A ƙasar Japan ta dā akwai mayaƙa waɗanda ake kira samurai, su ne dakarun sarakuna. Ban da takobi da baka, sukan koyi yadda za su yi da abokin gaba in makami ya kuɓuce musu: kayarwa, murɗe gaɓa, shaƙewa, da bugun wuraren da ke illa a jiki. Wannan ilimi shi ake ce da shi jujutsu. Ba iri ɗaya ba ne. Gidaje ne masu yawa, kowane gida da malaminsa, da asirinsa wanda ba a buɗe wa baƙo.

A shekara ta 1868 mulki ya sāke a Japan, ƙasar ta juya ga ilimin zamani. A 1876 aka hana samurai yawo da takobi. Malaman jujutsu suka rasa iyayen gida, mutane kuwa suka fara duban sana'arsu kamar abin da zamani ya wuce. Waɗansu suka shiga nuna wasa a gaban jama'a domin kuɗi. Waɗansu suka koma ɗori, gama wanda ya san yadda gaɓa take gocewa ya san yadda ake mai da ita.

A cikin wannan zamani ne Jigoro Kano ya tashi. An haife shi a 1860 a Mikage, kusa da birnin Kobe. Mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, mahaifinsa ya kai shi Tokiyo karatu. Yaro ne mai kaifin hankali, amma ƙanƙane ne, siriri, saboda haka manyan yara suka riƙa cin zalinsa a makaranta. Ya ji labari cewa akwai dabarar da ƙaramin mutum zai kayar da ƙato, sai ya ƙudura a ransa zai koya. Mahaifinsa bai so ba da fari. Waɗanda suka san abin a cikin abokan gidansu suka ce masa ya bari, tsohon yayi ne.

Sa'ad da ya shiga Jami'ar Tokiyo a 1877, sai ya shiga nema da kansa. Da yake ya gane inda malaman suka ɓuya, ya riƙa bin gidajen maɗora yana tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Wani maɗori ya tura shi wurin Fukuda Hachinosuke, wanda yake koyarwa a wani ɗan ɗaki kusa da inda yake duba masu karaya. Fukuda ba mai yawan bayani ba ne. In almajiri ya tambaya yadda ake wata kayarwa, sai ya kama shi ya kayar, ya sāke kayarwa, har jikin almajirin ya gane. A nan Kano ya koyi amfanin karawa da mutum mai rai wanda ba ya so a kayar da shi.

Fukuda ya rasu a 1879. Kano ya koma wurin Iso Masatomo, na gida ɗaya da Fukuda, amma halin koyarwarsa dabam. Iso ya fi ba da ƙarfi ga kata, watau jerin motsi da aka tsara, mutum biyu suna maimaitawa har ya zauna musu daidai. Shi ma ya rasu a 1881. Sa'an nan Kano ya tafi wani gida dabam, wurin Iikubo Tsunetoshi na gidan Kito, wanda ya gwanance a kayarwa. Kowane malami ya ba shi abin da ɗaya bai ba shi ba, kowane gida kuma ya ga inda ya gaza.

A 1882, yana da shekara 21 da 'yan watanni, ya buɗe tasa makaranta a wani ɗaki na haikalin mabiya Buda mai suna Eisho, a Tokiyo. Tabarmi 12 ne faɗin wurin, almajiransa na fari kuwa ba su kai goma ba. Ya sa mata suna Kodokan, watau wurin koyon hanya. Iikubo bai yi fushi ba, yakan zo ya taimaka da koyarwa. Kano ya ci gaba da karawa da shi, yana shan kaye, yana lura. Ya gane cewa ba a kayar da mutum yana tsaye daram. Sai an ja shi ko an tura shi har nauyinsa ya karkata, sa'an nan ƙaramin ƙarfi ya isa. Wata rana ya kayar da malaminsa sau uku. Iikubo ya tambaye shi yadda ya yi, ya saurara, ya ce ba shi da sauran abin da zai koya masa, ya kuma danƙa masa littattafan gidan.

Kano ya canja sunan abin daga jujutsu zuwa judo. Ma'anar jutsu dabara ce, ma'anar do kuwa hanya, hanyar da mutum zai bi dukan ransa. Canjin bai tsaya a suna ba. Ya ware dabarun da ke makantarwa ko kisa, ya ce ba za a yi su a karawa ba, sai a cikin kata kaɗai. Ya sa abin da sabon almajiri zai fara koya shi ne faɗuwa: yadda zai tsare kansa da wuyansa, ya bugi tabarma da hannu, ya tashi lafiya. In an murɗe hannun mutum ko an shaƙe shi, sai ya taɓa tabarma ko jikin abokinsa, nan take a sake shi. Waɗansu suka ce ya cire wa abin haƙora. Amma da yake almajiransa suna iya karawa da iyakar ƙarfinsu kowace rana ba tare da karaya ba, sai suka fi waɗanda ke riƙe da mugayen dabarun da ba su taɓa gwadawa ba. A tsakiyar shekarun 1880, a karawar da 'yan sandan Tokiyo suka shirya, mutanen Kodokan suka yi fice, aka ɗauki waɗansunsu su koyar da 'yan sanda.

Kano malamin makaranta ne tun asali, ya yi fiye da shekara 20 yana shugabancin babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo. Shi ya kawo matakai domin almajiri ya san inda ya kai, daga nan aka sami baƙar ɗamara. Ya tattara koyarwarsa cikin ka'idodi biyu: a yi amfani da ƙarfin jiki da na hankali inda ya fi amfani, kuma mutum ya ci gaba tare da ɗan'uwansa, gama ba mai koyon kayarwa sai da wanda ya ba da jikinsa a kayar.

Bai rena sauran gidaje ba. A 1922, da Gichin Funakoshi ya zo daga tsibirin Okinawa ya nuna kareti a Tokiyo, Kano ya gayyace shi Kodokan. Daga baya masu kareti suka ɗauki farar riga da ɗamara irin na judo. A 1930 ya je ya ga Morihei Ueshiba, wanda ya kafa aikido, ya kuma aika masa almajiransa su koya. Takwando na ƙasar Koriya ma ya gaji wannan tsari na ɗamara, shi ne wasan da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo wa Nijar lambar azurfa da shi a Wasannin Olimfik na 2016.

Kano ya rasu a 1938 a cikin jirgin ruwa yana komawa gida. Judo ya shiga Wasannin Olimfik a Tokiyo a 1964. A babbar karawa ta ƙarshe, Anton Geesink na ƙasar Holan, wanda ya yi horo a Japan, ya danne Akio Kaminaga a gaban mutanensa. Da wani ɗan ƙasarsu ya ruga zai hau tabarma don murna, Geesink ya ɗaga hannu ya hana shi, domin bai riga ya rusuna wa abokin karawarsa ba.

Duk da haka sunan judo bai isa ya tsare yaro ba. Tsakanin 1983 da 2011, ɗalibai fiye da 100 suka mutu a wasan judo na makarantun Japan, yawancinsu saboda bugun kai, da yawa kuwa sababbin shiga ne da aka kayar tun ba su iya faɗuwa ba. Iyayen yaran suka haɗa kai suka yi ƙara, sa'an nan aka tsananta ka'idodi. Faransa kuwa, inda judo ya yaɗu ƙwarai, tun 1955 ta yi doka a kan wanda ya cancanci ya koyar da shi.

Saboda haka saurayin da ke neman wurin koyo, da uban da zai kai ɗansa, tambayar wane salo ya fi wane ba ita ce ta fari ba. Sai a je a zauna a duba. A tambayi malamin wurin wa ya koya, shekara nawa kuma. A ga ko ana koya wa sabo faɗuwa kafin a kayar da shi, ko manya suna sassauta wa ƙanana, ko ana sakin mutum da zarar ya taɓa tabarma. A kuma lura da almajiran bayan sun fita, ko masu ladabi ne, ko masu neman faɗa a hanya. Kano ya sha wuya kafin ya sami malami, ya zauna a ƙarƙashin mutum uku, sa'an nan ya shimfiɗa tabarmarsa.