Rauni da Haƙuri: Kalmomi Biyu na Turawa a Ƙasar Maraɗi

Duk malamin da ya taɓa zama tafinta a taron ƙungiyoyin agaji a Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ya san kalmomi biyu da ke maƙale wa mai fassara a maƙogwaro: "vulnerable" da "passive". Ingilishi da Faransanci sun yi tarayya a kansu, domin daga Latinanci suka gaje su. Ta farko ta fito daga kalmar da ke nufin miki, wato wanda za a iya ji wa ciwo. A nan Hausa ta yi dace, don kuwa rauni a wurinmu ciwo ne, kuma rashin ƙarfi ne. Ta biyun ita ce mai wuyar sha'ani. Tushenta ɗaya da kalmar da Turawa ke nufin haƙuri da ita, amma da tafiya ta yi nisa sai ta koma nufin mutumin da ba ya motsi, ba ya gardama, sai abin da aka yi da shi. Abin da Bahaushe ke yabon mutum da shi, a bakin wani ya zama zargi.

To, shin mutanen wannan yanki sun cancanci zargin? Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, talakawan kwarin Maraɗi ne suka tayar wa sababbin masu mulki wajen 1819, suka marabci Ɗan Kasawa, jinin sarautar Katsina. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi musu mummunan kaye a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Duk da haka Gobirawa suka sake tattaruwa ƙarƙashin Mayaƙi, suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Gazawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina, gari ya tarar kewaye da shinge mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, mutanensa kullum cikin shirin hari. Suna cikin hatsari, babu shakka, amma ba a zaune suke jiran sa ba.

Kalmar rauni kuwa ta yi kaka-gida ne ta hanyar yunwa. Kakanninmu suna raɗa wa kowace yunwa suna: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko El Buhari ta 1984, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Sunan kan tuna abin da ya auku, wani lokaci har da wanda ake ɗora wa laifi. Rahoton zamani kuwa mutane yake raɗa wa suna. A 2005, bayan fari da fara na 2004, buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasa. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Mai ƙaramar gona ya sayar da rahusa da kaka don biyan bashi, ya dawo saye da tsada da damina. Gwamnati ta fara da sayarwa a farashi mai sauƙi maimakon rabo kyauta, Shugaba Mamadou Tandja kuma ya musanta cewa ana yunwa. Duk wannan sarƙaƙiya sai aka dunƙule ta cikin jerin sunayen "masu rauni", kamar rauni hali ne da aka haifi mutum da shi. Matar da ta kwana tana jiƙa anza don ta cire masa ɗaci, da magidancin da ya tafi cin rani Kano, ba su da gurbi a wannan takarda sai na masu karɓa.

A ganina babu inda aka fi ƙaryata kalmar ta biyu kamar a gonakin Agye. Tun dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, itace na hukuma ne, manomi kuma yana tsoron tarar jami'an daji, don haka ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun bai girma ba. Mai kallo daga nesa sai ya ce sakaci ne, alhali lissafi ne. Daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa sassaben zamani a Maraɗi, kuma hannun hukuma ya sassauta, manoma suka shiga barin kututturen sabara da kalgo da gawo suna tohowa, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ta wannan hanya. A ƙauyen Ɗan Saga, mutanen gari ne suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza da mata har da makiyaya, kuma su ne ke yanke tarar wanda aka kama yana sara a gonar wani.