Tarihin Dajin Muƙamuƙi Na Yara Da Yadda Aka Samo Maganinsa

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga wajen Funtuwa. Ya ce ɗan ƙanensa mai shekara 7 ya tashi da kumburi a muƙamuƙi, aka ɗauka hangum ne, aka yi ta shafe-shafe, sai haƙora suka fara girgiɗi, kafin mako uku fuska ta karkace. Da aka kai shi asibitin garinsu, likita ya ce yana zaton wani irin ciwon daji ne mai suna limfoma, a wuce da shi babban asibiti. Shi ne yake tambaya, mene ne asalin wannan cuta, kuma da gaske ana warkewa, ko kuwa asarar kuɗi kawai za a yi?

To malam, Allah Ya ba yaro lafiya. Kafin mu shiga tarihi bari mu fara da abin da ya fi damunka: ana warkewa. Idan ba ku tafi babban asibitin ba tukuna, to ku kama hanya, kada ku jira ranar kasuwa.

Shi dai limfoma daji ne da ke tasowa daga wasu ƙwayoyin jini farare, waɗanda aikinsu shi ne yaƙi da cuta. Su ne ke taruwa su yi maka kaluluwa a hammata ko matsematsi idan ka ji ciwo a hannu ko ƙafa. Yana da iri-iri, amma wanda ka bayyana ya yi kama da wanda ya fi kama yaran Afirka, wato limfoman Burkitt. Likita ne kaɗai zai tabbatar, bayan ya zuƙi ɗan abin da ke cikin kumburin da allura an duba da madubin likita.

Sunan ya samo asali ne daga wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, wanda aka haifa a Ailan ta Arewa a 1911. Mai ido ɗaya ne, don ya rasa ɗayan tun yana yaro, amma Allah Ya yi masa lura. A 1957, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda, aka kira shi ya duba wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Bai taɓa ganin irin wannan ba. Ba a daɗe ba sai ya sake cin karo da wani yaron mai irinsa a wani asibitin, wannan karon har da ƙulli a ciki. Sai ya koma ya tone tsofaffin takardun marasa lafiya, ya tarar ashe cutar ta daɗe tana kashe yara, sai dai kowa da sunan da yake ba ta, gwargwadon inda ta fito a jiki. A 1958 ya buga rahoto a kan yara 38, ya ce duk cuta ɗaya ce.

Daga nan sai ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika wa asibitoci ko'ina cikin Afirka yana tambaya, ko kuna ganin wannan a wajenku? Duk inda aka amsa masa da i, sai ya soka allura a taswira. Alluran nan suka jeru kamar ɗamara a tsakiyar Afirka, daga gabar yamma zuwa ta gabas. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi mako 10 suna tafiya, wajen mil 10,000, suka leƙa asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Abin da suka gano shi ne cutar ba ta son kan tsaunuka masu sanyi, ta fi yawa a kwari da bakin tafki da bakin kogi.

Bayan haka ya zo Nijeriya da Gana. A nan ya ga cutar ta yi yawa a kudu inda ruwan sama ke da yawa, amma a ƙasar Kano, duk da ɗimbin jama'arta, ba a cika ganinta ba a wancan lokaci. Ke nan cutar na bin zafi da laima. To manomi ya san abin da ke son zafi da laima: sauro.

Ana cikin haka, a 1961 ɗin, Burkitt ya yi lacca a Landan, wani masani mai suna Anthony Epstein yana cikin masu saurare. Ya roƙi a riƙa aiko masa da ɗan yankin kumburin daga Kamfala ta jirgin sama. Shekara uku suna fama, sai a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wata ƙwayar bairos a ciki, wadda yanzu ake kira Epstein-Barr. Ita ce ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Abin mamaki, da aka bincika sai aka ga fiye da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita, ana samunta ta yawu tun ana yara, kuma galibi ba ta yi musu komai. Abin da ya bambanta yaranmu shi ne zazzaɓin cizon sauro da ke kama su kai da kai tun suna goye. Shi ke gajiyar da garkuwar jiki, ya sa fararen ƙwayoyin nan su yi ta hayayyafa, har a samu ɗaya ta lalace ta ƙi tsayawa. Saboda haka malam, ba sammu ba ne, ba jifa ba ce, ba laifin uwa ba ne, kuma shi dajin ba a ɗaukarsa. 'Yan'uwansa su ci abinci kwano ɗaya da shi ba komai.

Yanzu sai batun magani. Wannan daji yana daga cikin mafiya saurin girma, domin ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Da farko fiɗa ake yi, ba ta kuwa amfani. Wajen 1960 Burkitt ya samu wasu magungunan daji, ya fara gwadawa. Su waɗannan magunguna suna farautar ƙwayar da ke cikin rabuwa ne, don haka saurin cutar ya zama shi ne lagonta. Aka ga kumburin da ya rufe ido ya sace cikin 'yan kwanaki, wani yaron ma da allura ɗaya ko biyu na maganin da ake kira saiklofosfamaid ya tashi, ya girma. A Nairobi Peter Clifford ya yi irin wannan aiki, a nan Nijeriya kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi a asibitin koyarwa na Ibadan. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka. A 1967 an buɗe cibiyar jinyar limfoma a Kamfala, ita ce ta zama Cibiyar Ciwon Daji ta Yuganda, kuma da aka bi sawun yaran da ta yi wa magani shekaru bayan haka, sai aka tarar kusan rabinsu suna nan da ransu. Ka ga ke nan a jikin yaran Afirka duniya ta samu ɗaya daga hujjojin farko cewa magani zalla na iya warkar da daji.

Turawa suka ɗauki wannan ilimi suka ƙara masa ƙarfi, suna haɗa magunguna da yawa, ga jini, ga ɗakin jinya mai tsabta. Yau a Turai da Amurka wajen yara 90 cikin 100 ke warkewa. A wasu asibitocin Malawi da Kamaru, da magani mai sauƙin kuɗi, an kai rabi ko fiye da rabi kaɗan. A wurare da dama kuma ba a kai ko haka ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa zuwa 2030 aƙalla yara 60 cikin 100 masu ciwon daji su rayu.

Me ya kawo wannan rata, alhali cuta ɗaya ce? Akwai tsadar magani da ƙarancinsa, akwai nisan asibiti, waɗannan hakkin hukuma ne. Amma akwai biyu da ke hannunmu. Na farko jinkiri. A je wajen wanzami ya yi sakiya, a je a cire haƙori, a jira a sayar da amfanin gona, kafin nan cuta ta shiga ciki ko laka ko ƙwaƙwalwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Na biyu, kuma shi ne ya fi ban takaici, yanke magani a tsakiya. Maganin zango-zango ake ba da shi ta ƙarin ruwa, wani kuma allura ce a gadon baya, ana hutawa tsakani, har 'yan watanni. Bayan zangon farko kumburi kan sace, yaro ya tashi yana wasa, sai uba ya ce alhamdu lillahi, ga shuka ta zo, a koma gida. Alhali saiwar na nan, kamar ka sare ƙiriƙiri ka bar jijiyarsa a ƙasa. Idan ta dawo kuwa, ta fi wuyar magani nesa ba kusa ba. Gashi zai zube, zai yi amai, bakinsa na iya yin gyambo, wata rana a nemi jini. Duk waɗannan suna wucewa, gashi ma yana tsirowa. Amma idan ya yi zazzaɓi yana cikin magani, a mai da shi asibiti a ranar, kada a tsaya kemis. Yaron da ya gama maganinsa ya cika shekara guda cutar ba ta dawo ba, da wuya ta sake dawowa.

Ga sauran masu sauraro, kada a ce ai Burkitt bai gan ta sosai a Kano ba. Likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna karɓar irin waɗannan yara. Ta fi kama 'yan shekara 4 zuwa 10, maza sun fi mata. Ku lura da kumburin muƙamuƙi marar zafi mai girma kullum, haƙoran ciki su yi girgiɗi ba lokacin famfara ba, ido ya turo waje, ciki ya kumbura da ƙulli, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya. Hangum kan sace cikin mako guda ko kwana goma, wanda ya wuce haka ba hangum ba ne. Matasa kuma akwai wani irin da ake kira Hodgkin, kaluluwa ce a wuya wadda ba ta zafi ba ta sacewa, ga gumin dare ga rama, har akan ɗauka tarin fuka ne. Shi ma ana warkewa. Sannan a riƙa kwantar da yara cikin gidan sauro, a yi maganin zazzaɓi da wuri.

Kai kuma malam, ka tara dangi tun yau ku yi lissafin kuɗin mota da abinci da na magani har zuwa zangon ƙarshe, ku san wa zai zauna jinya, wa zai riƙe wa ƙanenka gona. Ku tambayi likita zango nawa ne, a rubuta muku ranakun a takarda, ku kuma nemi ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin. Da fatan ka gamsu. Muna jiran wasiƙarka ta gaba mu ji yadda jikin yaron yake.