Daga Katagum Zuwa Bakin Bahar Maliya: Labarin Gidajen Da Mutanenmu Suka Mallaka

A 'yan kwanakin nan babu maganar da ta fi yawa a bakinmu, a masallaci ko a kasuwa, kamar ta sayen ɗan gida a nan Ankara, mutum ya kwaso iyali daga Arewa ya zauna gaba ɗaya, ya huta da biyan haya. Wasu na cewa a saya, wasu na cewa a kai kuɗin gida a gina. Ni mutumin Azare ne, kuma ƙasarmu ta Katagum ta daɗe da sanin wannan al'amari, sai dai tekun da kakanninmu suka fara nufa na gabas ne, watau Bahar Maliya. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗan tuna mana yadda tasu ta kasance.

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa Katagum a tsakanin Kano da Barno, watau a kan hanyar fatake da alhazai. Ko Bature Kilafatan ta nan ya bi a farkon 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, abokin tafiyarsa likita ma a Murmur ya mutu, kusa da garin. Da Turawa suka mayar da fadar sarki Azare, hanyar mota ta Kano zuwa Fataskum da Maiduguri ita ma ta Azare ta ratsa. Saboda haka duk mai niyyar gabas daga ƙasar Kano, a gaban ƙofarmu yake wucewa, kuma ba safai yake wucewa bai ja wani namu ba.

Babban tashi shi ne na 1903. Turawa suka ci Kano, suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki suna bin sa, har da Sarkin Misau Ahmadu, maƙwabcinmu. Aka yi yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar, Attahiru ya yi shahada, Allah Ya ji ƙansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, suka sauka a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sannar, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Bayan su sai talakawa masu niyyar Hajji suka bi sawu, a ƙasa da bisa jaki, daga baya a babbar mota. Daga Maiduguri sai Fot Lami, wadda yanzu ake ce wa Injamena, sai Abeshe, Janaina, Fashir, har Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso wajen 1912. Tafiya ce ta shekaru, domin guzuri kan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu ya yi aiki ƙwarai a ciki. Wanda ya tara abin jirgi sai ya gangara bakin teku, Sawakin inda alhazai ke ƙetarawa Jidda, ko sabon garin Bur Sudan da aka buɗe tasharsa a 1909. A nan ne da yawa suka maƙale. Mutum ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi ga-ruwa, matarsa na tuya, ya kafa bukka, bukka ta zama ɗakin katako, ɗaki ya zama gida. Ya sauke farali ya dawo, ya ce baɗi zai koma Katagum. Baɗin nan har jikoki ba ta zo ba.

To, a nan ne darasin yake. Gida sun samu, amma takardar zama ɗan ƙasa ta yi musu wuya. Dokar Sudan ta 1957 ta ce sai wanda asalinsa ke zaune a ƙasar tun kafin ƙarshen 1897, alhali kuwa yawancin namu bayan Burmi suka zo. Sai ga mutum an haife shi a can, ubansa ma haka, amma ana kiransa Takari ko Fallata, ana tambayarsa daga ina ya fito. An sassauta dokar daga baya, amma abin bai fita daga zukata ba. A Yulin 2022 Hausawan jihar Nilu Shuɗi suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, maƙwabta suka ce ai baƙo ba ya da ƙasa, rikici ya tashi aka kashe mutane fiye da ɗari, Hausawa suka fito zanga-zanga har a Kasala da Bur Sudan. Shekara kusan ɗari da ashirin ke nan bayan hijira!

Waɗanda suka ƙetare suka zauna a Jidda fa? Galibinsu ba su da ikon mallaka da sunansu, sai a biya kuɗi a rubuta sunan wani ɗan ƙasa, ko a zauna babu takarda ko ɗaya. Daga ƙarshen 2021 hukuma ta shiga rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil. Diyya ta 'yan ƙasa ce. Baƙon da ya shekara arba'in a gida sai ya kwashe kayansa kawai.

Kada wani ya ce wannan labarin Larabawa ne. Mu ma nan mun ɗanɗana. Malam Baƙo ya karɓi filin Sabon Zango daga hannun sarakunan Ga wajen 1910, ya raba wa jama'a bisa amana, aka zauna lafiya shekara da shekaru. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Ku tambayi dattawanmu yadda aka sayar da gidaje a kuɗin da bai kai na kwanon rufi ba, wasu ma makulli kawai suka miƙa wa maƙwabci suka hau mota. Nijeriya ita ma ta yi irin wannan a 1983 zamanin Shagari, don haka ba zagin kowa nake ba, hali ne na hukuma in tattalin arziki ya matse.

Ni a ganina sayen gida ba laifi ba ne, ya fi a ƙare rayuwa ana ciyar da mai haya. Amma wanda ke riƙe da fasfon Nijeriya ya sani cewa tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 266, ya hana baƙo mallakar fili har abada, iyakarsa haya ta shekara 50 a lokaci guda. In dillali ya ce maka ya sayar maka har jikoki, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta haka, sa'an nan ka kai takardar ofishin filaye a duba kafin ka ƙirga ko sisi. Kuma kada ka sayar da gonar gado ta Azare ko ta Madara ko ta Shira don ka cika kuɗin. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Kartum a Afrilun 2023, har gwamnati ta koma Bur Sudan da zama, jiragen da Nijeriya ta aika masu takardar Nijeriya suka kwasa.